Zaɓen SSD na Laftof: Yadda Ake Auna Gudu da Kuɗi Kafin a Biya

Tambaya ɗaya ce take ta dawowa daga masu karatu, ɗalibai da masu shagon buga takardu da ma'aikatan ofis: laftof ta yi nauyi, an ce a saka mata SSD, wato ma'ajin fayil marar juyawa da ya fi tsohon faifai gudu, to wanne za a saya? A kasuwa za a ɗauko maka wani an rubuta masa 550 a kwali, wani 3,500, wani 7,000, kuɗinsu kuma ya sha bamban. Mai shago zai ce mai babbar lamba ya fi gudu, kuma gaskiya ya faɗa. Sai dai laftof ɗinka ce take yanke iyakar gudun da za ka samu, sannan aikin yau da kullum ba da wannan lambar ta kwali yake tafiya ba. Abin takaici ne a ga mutum ya biya kuɗin gudun da ba zai taɓa gani ba, alhali da ya zuba kuɗin a girman ma'aji ko a RAM, wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta take aiki a cikinta, da tun ranar farko ya ji bambanci. Ga yadda ake bin abin daki-daki.

Abin da za ka tanada

Ƙaramar sukurdireba mai kan kuros, lamba 0 ko 1. Tsohon katin ATM na ɓalle murfi. Filash mai 8GB ko sama. Sai manhajoji uku na kyauta: CrystalDiskInfo, CrystalDiskMark da H2testw. Ka sauke su tun daga gida ka zuba a filash, domin dukkansu suna da nau'in da yake buɗewa kai tsaye ba sai an girka ba. Idan kana son kwafe tsohuwar Windows ɗinka zuwa sabon SSD, za ka buƙaci akwatin USB da ake zura SSD a ciki.

1. Gano irin gurbin da ke cikin laftof ɗinka

Kada ka je kasuwa da "HP Core i5" a baki, wannan ba suna ba ne. Juya laftof ɗin ka karanta cikakken sunanta, kamar HP EliteBook 840 G3 ko Dell Latitude E7440. In rubutun ya goge, danna maɓallin Windows tare da R, rubuta msinfo32, ka duba layin System Model. Da wannan sunan za ka nemi littafin gyara na kamfanin a intanet. HP da Dell da Lenovo duk suna sakin nasu kyauta, kuma a ciki an faɗi irin ma'ajin da kowace laftof take karɓa. Wanda ya fi wannan tabbas shi ne a buɗe murfin ƙasa a gani da ido.

Iri huɗu za ka iya tararwa. Na farko shi ne SATA mai inci 2.5, wanda girmansa ɗaya da tsohon faifai mai juyawa, wato HDD. Kusan duk laftof mai HDD tana karɓarsa. Kaurinsa milimita 7 ne, saboda haka in gurbin na 9.5 ne zai riƙa motsi sai an sa masa ɗan matashi na roba. Na biyu mSATA, ɗan guntun kati da ake samu a irin su Latitude E7440 da EliteBook Folio 9470m. Na uku da na huɗu su ne M.2 SATA da M.2 NVMe, kuma a nan ne yawancin asarar kuɗi take faruwa.

M.2 siffa ce kawai, ba gudu ba. Siriri ne, faɗinsa milimita 22. Lambar da ake kiransa da ita tana faɗin faɗi da tsawo: 2280 shi ne 22 da 80, kuma shi ya fi yawa, sai 2242 da 2230 da ake samu a ƙananan laftof. Dubi bakinsa inda haƙoran zinare suke. Mai giɓi biyu yawanci SATA ne, mai giɓi ɗaya NVMe ne.

Gargaɗi: shiga gurbi ba shi ne aiki ba. M.2 SATA yana zama daram a gurbin da NVMe kaɗai yake karɓa, amma kwamfutar ba za ta gan shi ba. Akwai kuma gurbin da SATA kaɗai yake gudanarwa. EliteBook 840 G3 da G5 suna karɓar duka biyun, amma ba kowace laftof ba. Sannan akwai 'yan NVMe masu giɓi biyu, kamar WD SN520, don haka ka karanta takardar da ke manne a jiki, kada ka tsaya ga giɓi kaɗai. Ƙaramin gurbin da katin Wi-Fi yake ciki ba na SSD ba ne.

Wani gargaɗin: laftof masu araha da ke da ma'ajin eMMC na 32GB ko 64GB, irin su HP Stream, an narkar da ma'ajin a jikin bod, wato babban allon da kayan cikin laftof suke manne a kai. Haka MacBook Air daga 2018 zuwa yau. Waɗannan ba a canza musu, kada a karɓe maka kuɗi.

2. San iyakar gudun gurbin

Ana auna gudu da MB a sakan ɗaya, ana rubuta shi MB/s. SATA hanya ce ta haɗa ma'aji da bod, NVMe kuma yana bin wata hanya da ake kira PCIe. Ga abin da kowace hanya take iya ɗauka a aikace:

- HDD na laftof mai juyi 5,400 a minti: wajen 80 zuwa 120
- SATA II: wajen 270
- SATA III: wajen 550
- NVMe a PCIe 3.0 mai layi biyu: wajen 1,700
- NVMe a PCIe 3.0 mai layi huɗu: wajen 3,500
- NVMe a PCIe 4.0 mai layi huɗu: wajen 7,000
- NVMe a PCIe 5.0 mai layi huɗu: wajen 14,000

Zamanin furosesa yana nuna maka inda ka faɗo. Core 2 Duo da Core i na zamani na farko a SATA II suke. Daga zamani na biyu, na 2011, SATA III ya shigo. NVMe ya yaɗu a laftof daga zamani na shida, irin su i5-6300U. PCIe 4.0 kuwa sai daga Intel zamani na 11, irin su i5-1135G7, da AMD Ryzen 6000. Laftof mai Ryzen 5000 tana nan a PCIe 3.0 duk da ba tsohuwa ba ce.

Da yawa daga cikin laftof na hannu da ake sayarwa a Beirut Road a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, 'yan zamani na shida zuwa na goma ne. Idan ka saka wa irinsu Samsung 990 Pro mai 7,450, zai yi aiki lafiya, amma a 3,500 zai tsaya. Rabin gudun da ka biya yana kwance. ThinkPad T480 ma layi biyu kawai take ba SSD, komai tsadarsa ba zai wuce wajen 1,700 ba.

In akwai SSD a laftof ɗin tun farko, buɗe CrystalDiskInfo ka duba layin Transfer Mode. Za ka ga lamba biyu. Ta hagu ita ce gudun da ake yi yanzu, ta dama ita ce abin da SSD ɗin yake iyawa. Idan ta hagu ta ce PCIe 3.0 x4, wato mai layi huɗu, ta dama ta ce PCIe 4.0 x4, to laftof ɗin ce ta gaza, ba SSD ba.

3. Bambance lambar kwali da lambar aiki

Wannan mataki shi ne zuciyar maganar. Lambar da ake bugawa a kwali gudun karanta babban fayil guda ne a jere, kamar bidiyo mai 10GB. Amma kunna Windows, buɗe Chrome, buɗe Word, duk aiki ne na dubban ƙananan fayiloli masu 4KB da ke warwatse nan da can. Kamar bambancin ɗaukar buhun gero guda ne da tsintar ƙwayoyinsa ɗaya-ɗaya bayan ya zube a tsakar gida. Ƙarfin ɗaukar buhu daban, saurin tsinta daban.

A CrystalDiskMark layi huɗu ne. Na sama, SEQ1M Q8T1, shi ne lambar kwali. Na ƙasa can, RND4K Q1T1, shi ne na tsintar, kuma shi hannunka yake ji idan ka danna abu. A wannan layin HDD bai cika kaiwa 1 MB/s ba. SATA SSD mai kyau yana ba da wajen 30 zuwa 45. NVMe na PCIe 3.0 yana ba da wajen 45 zuwa 60, na PCIe 4.0 mai tsada kuma wajen 70 zuwa 90.

Dubi lissafin da kyau. Daga HDD zuwa SATA SSD an ninka sau talatin ko fiye. Daga SATA zuwa NVMe mafi tsada, wanda a kwali ya ninka shi sau goma sha uku, a nan da ƙyar ya ninka shi sau biyu. Shi ya sa laftof da take cin minti biyu kafin ta gama tashi a HDD take komawa 'yan sakanni da SATA SSD, amma tsakanin SATA da NVMe tazarar tashin ba ta wuce sakan biyu ko uku. Mai rubuta aikin makaranta, mai Excel, mai cike fom ɗin JAMB a shago, ba zai iya gane wanne ne a ciki ba in ba a faɗa masa ba.

Masu amfana da babbar lamba su ne masu tace bidiyo, musamman na 4K, da masu kwashe katin kyamara kullum bayan biki, da masu manyan wasanni. Su ma sai in abin da ake kwasowa daga cikinsa yana da gudu. Kwafe fayil daga filash na USB 2.0 ba zai wuce wajen 35 MB/s ba ko da wane SSD ka saka.

4. Tambayi abin da ke cikinsa

SSD biyu na iya zama da lamba ɗaya a kwali, amma halinsu ya bambanta bayan an cika su. Abu uku ke kawo haka.

Na farko irin ƙwayar ajiya. TLC yana ajiye bit uku a kowace ƙwaya, QLC yana ajiye huɗu. QLC ya fi araha, amma ya fi jinkirin rubutu kuma ya fi saurin gajiya.

Na biyu shi ne dabarar da kusan dukkansu suke yi: suna ware wani yanki su riƙa karɓar rubutu a cikinsa da sauri, sai daga baya su kwashe zuwa ainihin wurin. Muddin wannan yankin bai cika ba, gudun yana nan kamar na kwali. Da ya cika sai ainihin hali ya fito. Samsung 870 QVO mai 1TB, wanda QLC ne, yana fara rubutu a 530, amma bayan wajen 42GB sai ya faɗo 80 MB/s, daidai da mafi ƙarancin gudun HDD. Ɗan uwansa 870 EVO mai 1TB, wanda TLC ne, yana riƙe gudunsa har ƙarshe. Crucial P3 yana farawa da 3,000, in yankin ya ƙare sai ya dawo wajen 100. Kuma yankin nan yana ƙanƙancewa ne gwargwadon yadda SSD yake cika. Wanda ya rage saura 10GB a cikinsa ba shi da sauran wurin yin wannan dabarar.

Na uku DRAM, wato ƙaramar ma'adana da SSD yake ajiye taswirar inda kowane fayil yake. 870 EVO da Crucial MX500 suna da ita. Kingston A400 da Crucial BX500 ba su da ita. A SATA rashinta yana nunawa: idan Windows tana sabunta kanta kai kuma kana aiki, sai ka ga kwamfutar ta ɗan daskare na sakan ɗaya ko biyu. A NVMe matsalar da sauƙi, domin yana aron ɗan wuri daga RAM na laftof. Shi ya sa Samsung 980 da WD Blue SN580 da WD Black SN770 suke aiki sumul ba tare da DRAM ba, kuma ba sa cin batir sosai.

A taƙaice, ga SATA ka fifita TLC mai DRAM. Ga NVMe, TLC ya isa. A400 da BX500 ba abin ƙi ba ne idan za a farfaɗo da tsohuwar laftof ne da ɗan kuɗi, sun fi HDD nesa ba kusa ba. Kawai kada a sayar maka da su a kuɗin MX500.

5. Yi lissafin kuɗi

Farashi yana bin dala, yana canzawa mako zuwa mako, don haka hanyar lissafi ce za ka riƙe. Raba kuɗin da yawan GB. A ce an yi maka kuɗin 256GB naira 25,000, na 512GB kuma naira 40,000. Na farko ya kama wajen naira 98 kowane GB, na biyu naira 78. Kusan kullum mafi ƙanƙanta ne mafi tsada a wannan ma'aunin, kuma shi ne mafi jinkirin rubutu a cikin danginsa, saboda ƙwayoyin da ke raba aikin ba su da yawa.

128GB ya yi kaɗan a yau. Windows da Office da sabuntawa za su cinye fiye da rabinsa. 256GB na mai takardu ne kawai. 512GB shi ne daidai ga yawancin mutane, 1TB kuma na mai hoto da bidiyo. Kada ka tsorata in Windows ta nuna maka ƙasa da abin da ke kwali: 256GB yana fitowa 238, 512GB yana fitowa 476, 1TB kuma 931. Bambancin ƙidaya ne, ba cuta ba.

Sai TBW, wato yawan terabait da kamfani ya lamunce za a iya rubutawa. A girman 1TB, 870 EVO da 980 da SN580 duk 600 ne da garantin shekara biyar. MX500 yana da 360, Kingston NV2 yana da 320 da garantin shekara uku, Crucial P3 kuma 220. Kada wannan ya tayar maka da hankali fiye da kima. Mai rubuta 20GB kullum yana cin 7.3TB ne a shekara, ko 220 ɗin zai kai shi shekara talatin. Amfanin lambar shi ne tana fallasa ingancin ƙwayar: ƙaramin TBW a babban SSD sau da yawa alamar QLC ce. In kuɗinsu ɗaya ko kusa, ɗauki mai babban TBW.

Garantin kamfani na shekara biyar yana da wuyar bi daga nan. Wanda zai yi maka amfani shi ne na mai shago. Ku yi magana a fili, kwana nawa ne, kuma a rubuta lambar jikin SSD ɗin a rasit. Ka kuma sani cewa a Disamban 2025 kamfanin Micron ya sanar da zai daina sayar da kayan Crucial ga jama'a, saboda haka abin da ke kasuwa ragowar kaya ne, a duba shi da kyau.

Kafin ka biya, duba RAM. Laftof mai 4GB za ta ci gaba da shaƙewa da an buɗe shafuka da yawa, ko wane SSD aka saka. SATA mai sauƙin kuɗi haɗe da RAM 8GB ya fi NVMe mai tsada a kan 4GB, babu tantama.

6. A shago: sabo, cirarre da jabu

Cirarre shi ne wanda aka zare daga wata laftof. Irin su Samsung PM981 da PM9A1, WD SN730, SK hynix PC711 da Kioxia XG6 kamfanonin laftof ne suka saya kai tsaye, ba su da kwali, amma TLC ne masu inganci. Sau da yawa cirarre mai lafiya ya fi sabon da ba a san sunan kamfaninsa ba. Sharaɗin shi ne a gwada a gabanka.

Buɗe CrystalDiskInfo ka duba abu biyar. Health Status ya zama Good, kuma kason ya haura 90 in ana son cikakken kuɗi. Power On Hours yana nuna awannin da ya yi a kunne, shekara guda cur awa 8,760 ce. Total Host Writes yana nuna abin da aka taɓa rubutawa, sai ka auna shi da TBW. A NVMe layin Media and Data Integrity Errors ya zama sifili. A SATA kuma layin da ke ƙirga sassan da aka sauya saboda lalacewa ya zama sifili ko kusa da haka. In an ce sabo ne amma ya nuna awa ɗari uku, ka ajiye.

Gargaɗi: ana iya goge waɗannan lambobin. SSD da haƙoransa suka goge, ramin notinsa ya yi tabo, amma ya nuna awa sifili, abin zargi ne.

Jabu kuwa ya fi yawa a sunan Samsung. Akwai ma masu ɗauke da sunan da kamfanin bai taɓa yi ba, kamar 1080 Pro. Manhajar Samsung Magician tana faɗin ko na asali ne, amma ga waɗanda ake sayarwa a kwali take yi, ba cirarru irin PM981 ba. Sunan da CrystalDiskInfo ya nuna ya dace da na takardar jiki, haka lambar siriyal. Mafi munin jabu shi ne mai ƙaryar girma: yana nuna 1TB ko 2TB alhali cikinsa 64GB ne ko 128GB. Zai karɓi fayiloli ba musu, sai ranar da ka buɗe su ka tarar sun lalace. H2testw ne maganinsa, domin yana cika SSD ɗin kaf sannan ya karanta ya tabbatar. Na 500GB mai rubutu a 400 MB/s zai ci wajen minti 21 wajen rubutu, da kusan haka wajen karantawa. In mai shago ba zai jira ba, ku daidaita a kan za ka gwada a gida ka dawo da shi cikin kwana biyu in ya faɗi. Duk 2TB da aka yi maka kuɗinsa kamar na 256GB, ba sai ka ɓata lokacin gwaji ba.

7. Gwada gudun yadda ya kamata

Jona caja, domin a batir Windows tana rage ƙarfi. Rufe sauran manhajoji, ka bari sabuntawa ta gama. Buɗe CrystalDiskMark, bar shi a zagaye 5 da 1GiB, danna All. Layin sama ya zo kusa da abin da kwali ya ce ko iyakar gurbinka, duk wanda ya fi ƙanƙanta. Ragin kashi goma ba komai ba ne. NVMe da ya tsaya a 550 SATA ne aka yi wa takardar ƙarya. SATA da ya tsaya a 270 kuma gurbin ne SATA II.

Gwajin 1GiB ba ya cika yankin saurin nan da aka ambata a mataki na 4, don haka kowane SSD yana fitowa da kyau a cikinsa. Don ganin ainihin hali, kalli lambar gudu a H2testw yayin da yake cikawa, ka lura da inda ta fara zubewa da yadda ta zube.

Gargaɗi: gwaji ta akwatin USB ba ya nuna gudun NVMe. USB 3.0 yana tsayawa a wajen 400 zuwa 450, mai 10Gbps kuma a wajen 1,000. Akwatin ya isa duba lafiya da girma, amma gudu sai a cikin laftof. Kuma akwatin M.2 SATA daban, na NVMe daban, sai in an rubuta yana karɓar duka.

Duba zafi ana cikin gwajin. Yawancin SSD an yi su ne su yi aiki tsakanin digiri 0 da 70, in sun kai nan sai su rage gudu da kansu. A Afrilu, lokacin da zafin Kano da Sakkwato da Maiduguri yake haura 40, NVMe mai ƙarfi a cikin siririyar laftof da ƙura ta toshe wa fanka yana isa wannan iyakar cikin 'yan mintuna. Wannan ma dalili ne na zaɓar matsakaici. Mai 3,500 da ya riƙe gudunsa ya fi mai 7,000 da zafi yake karya shi.

8. Saka shi

Fara da kwafe muhimman fayiloli zuwa wani wuri. In BitLocker, wato makullin da Windows take kulle faifai da shi, yana kunne, nemo mabuɗinsa mai lamba 48 ka rubuta a takarda, yawanci yana cikin asusunka na Microsoft. Rashin wannan mabuɗin yana nufin rasa komai.

Hanya biyu ce. Ko ka kwafe tsohon faifan gaba ɗaya ta akwatin USB, da Samsung Magician ko Acronis na Crucial da WD ko Clonezilla, ko ka ɗora sabuwar Windows daga filash. Kwafewa tana buƙatar abin da ke kan tsohon ya gaza girman sabon. In tsohuwar Windows ta daɗe tana ciwo, ɗora sabuwa ya fi. Lasisin yana manne da bod, zai dawo da kansa da ka hau intanet.

Kashe laftof kana riƙe da Shift don ta mutu gaba ɗaya. Cire caja. Cire batir, ko ka zare igiyarsa daga bod da ka buɗe murfi. Laftof ɗin ThinkPad suna da wurin kashe batirin ciki a BIOS, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi. Jera notocin yadda ka kwance su, domin tsawonsu ya bambanta, kuma dogon noti a ramin gajere yana huda bod ko ya kumbura murfi.

Gargaɗi: lokacin hunturu iska ta bushe, jiki yana tara wutar nan da ke ɗan jan mutum in ya taɓa ƙofar mota. Tana kashe SSD da bod. Taɓa ƙarfen taga ko famfo kafin ka fara, kada ka yi aikin a kan bargo ko kafet, kuma ka riƙe SSD ta gefe.

Zura M.2 a karkace, wajen digiri 30, har haƙoran su ɓace. Kwantar da shi a hankali ka ɗaure da noti M2x3. Kada ka matse da ƙarfi, kada kuma ka bar shi ba noti. Siraran laftof suna buƙatar wanda ƙwayoyinsa ke fuska ɗaya, mai fuska biyu zai lanƙwashe. In akwai ɗan laushin roba mai janye zafi a kan tsohon, mayar da shi kan sabon. Ga mai inci 2.5, siririyar igiyar da ke haɗa shi da bod tana yagewa da sauƙi, ɗaga makullinta kafin ka ja.

Mai son riƙe HDD a gurbin DVD ya auna kaurin gurbin, 9.5 ne ko 12.7, kafin ya sayi mazaunin. SSD ya zauna a babban gurbi, HDD a na DVD, domin na DVD ɗin sau da yawa SATA II ne.

In ka kwafe ne, tashin farko ya zama da sabon SSD kaɗai a ciki. In kuma wajen ɗora Windows aka nuna babu faifai, musamman a Intel zamani na 11 zuwa sama, ba SSD ne ya lalace ba. Ko ka zuba direban Intel RST a filash ka loda shi a wurin, ko ka shiga BIOS ka kashe VMD, ko ka mayar da RAID zuwa AHCI kafin ka fara ɗorawa.

9. Bayan ya tashi

Sake duba Transfer Mode ka tabbatar layukan sun cika. In ya nuna x1 ko x2 a gurbin da littafi ya ce x4 ne, zare shi ka sake zurawa. Buɗe Command Prompt da izinin admin, rubuta fsutil behavior query DisableDeleteNotify. In ya ba da 0, TRIM yana aiki, wato Windows tana sanar da SSD wuraren da aka goge don ya share su da wuri. Kada ka yi masa difirag, wato sake jera fayiloli irin na HDD, da wata manhaja ta waje, Optimize Drives na Windows ya san abin da ya dace da shi. Ka bar kashi 10 zuwa 20 fanko a kowane lokaci.

Laftof da batirinta ya mutu, wadda take ɗaukewa duk lokacin da aka ɗauke wuta, tana wahalar da SSD. Yankewar wuta ana tsakar rubutu tana iya lalata taswirar ciki, kuma CrystalDiskInfo yana ƙirga su a layin Unsafe Shutdowns. Canza batirin yana cikin kuɗin wannan aikin.

HDD yakan yi ƙara ya yi jinkiri kafin ya mutu, SSD kuwa sau da yawa ɗif yake yi, kuma ceto fayil daga cikinsa yana da wuya ƙwarai. Don haka tsohon HDD ɗin da ka cire, in CrystalDiskInfo ya nuna yana Good, kada ka bar wa mai shago a banza. Ajiye shi yadda yake na mako biyu har ka tabbatar komai ya dawo, sannan ka goge shi, ka saka shi a akwatin USB mai inci 2.5, ka riƙa kwafe muhimman fayilolinka a ciki duk ƙarshen mako.